Baba Manja

A gidan Malam Labaran na Badafi, kuskure ba ya wucewa sai ya bar wa mai shi suna. Ɗansa Habu, tun ranar da ya koma da baya da tarakta cikin rami, Ribas ake kiransa. Wata gwaggonsu ta taɓa zuba sukari a miya, har ta yi jikoki ana ce mata Zaƙi. Shi ya sa Shamsiyya, amaryar Badamasi yayan Habu, take taka ƙasa a hankali. Addu'arta kullum kada ta samu nata sunan.

Wata safiya surukarta ta tafi suna Yako, ta bar wayarta a caji. Wayar ta dami Shamsiyya da ƙara, sai ta ɗauka. Muryar Malam Labaran ce.

"Amarya ce? To 'yata, taraktar nan ta sake yin halin nata. Tiyon sitiyari ya fashe, mai duk ya tsiyaye. Akwai galan na jan mai a ɗakin ajiya, daure ki miƙo mana gonar bayan gari."

"To," ta ce. Ina bakin da za ta yi wa suruki tambaya?

A ɗakin ta tarar da galan biyu. Ɗaya baƙi ƙirin da dauɗa, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta buɗe mai tsabtar: mai ne, ja wur. Ta ɗan yi mamaki, amma ta tuna babanta ma man gyaɗa yake ɗiga wa sarƙar kekensa. Ta zura hijabi ta ɗauka.

Taraktar, wadda ta girmi mijin Shamsiyya, tana tsaye gindin ɗorawa. Badamasi yana kwance a ƙarƙashinta da sifana. Ya cire tsohon tiyon da ya tsattsage, yana ɗaura sabon da aka sayo Ƙafin Maiyaki.

"A hankali dai," in ji Malam Labaran. "Ka fara kama natin da hannu, kada ka cinye masa haƙora. Tsohuwa lallashi take so."

Shamsiyya ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Habu ya bar rogon da yake gasawa ya karɓi galan. Ya buɗe zai tsiyaya, sai ya tsaya. Ya sansana. Ya lakato da yatsa ya lasa.

"Amaryarmu, miya za mu yi wa tarakta? Ina daddawar?" Dariya ta ƙwace masa. "Manja ne wallahi! Yau dai Allah ya kama ki, daga yau sunanki…"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙafafun Badamasi ma sun daina motsi.

"Miƙo min abina," Malam Labaran ya katse shi. "Ni na ce ta kawo manja. Rogon nan gaya za mu ci shi?"

"Baba, jan mai ka ce, ina tsaye!"

"Kai da ba ka bambanta gaba da baya ba, kai ne za ka bambanta jan mai da manja? Hau babur ka ɗauko baƙin galan ɗin, Ribas."

Ya ɓare rogo, ya tsoma a murfin galan, ya kai baki. "Sannu 'yata. Allah ya yi albarka."

Shamsiyya ta raɓe jikin ɗorawa tana kallo. Da Habu ya dawo aka cika tankin sitiyarin da jan man inji na gaske. Malam ya hau ya tayar, yana juya sitiyari dama da hagu har iska ta fice, abin ya yi laushi. Badamasi ya goge mahaɗin da tsumma, ya sake dubawa. Ko ɗigo babu.

Kafin la'asar Habu ya baza labari cewa Baba na tsakiyar gyara ya aika gida neman manja. Malam bai musa ba. Yanzu har masu faci na Yako Baba Manja suke ce masa, yana amsawa.

Shamsiyya ba ta taɓa faɗin sunan ba. Sai dai duk ranar da ta dafa rogo, takan kai masa da ɗan kwano na manja a gefe, ta ajiye ta juya da sauri. Rannan tana ƙofa ta ji ya ce, kamar da kansa yake magana:

"Jan man nan ya yi daɗi."