Kukan Mita a Cikin Baƙar Jaka

Ni na zaɓa wa Gana kayan aikin, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mun yi shekara tara muna gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu a shagonmu na unguwar Lamisula. Ni ne babba, amma wallahi hannunsa ya fi nawa. Sai dai kayan aikinsa abin kunya ne. Sukuddireba guda biyu, ɗaya ma ya goge bakinta da dutse, da tsohon burushin haƙori, duk a cikin farar leda kamar mai zuwa sayen ƙosai.

Ledar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, wai a garin nan yanzu gara kowa ya ga abin da ka riƙo. Shekarar 2014 ce, bam na tashi a kasuwa da tasha, ba a shiga ko'ina sai an lalube ka. Na ce masa tsoro ne kawai, mai sana'a da kayansa ake gane shi.

Na ja shi unguwar Hausari wajen mai sayar da kayan gyara, na tsaya a kansa. Na ajiye sukuddireba masu ƙyalli gefe, don bakinsu lanƙwashewa yake yi tun a ƙusa ta uku. Na zaɓo ƙananan sukuddireba masu maganaɗisu, da hantsaki mai siririn baki, da ƙarfen narka dalma, da mitar gwajin wuta mai igiya biyu, ja da baƙa, irin wadda take kuka in bakin igiyoyin ya haɗu. Duka suka shiga wata baƙar jaka mai zif. Gana ya yi ta shafa jakar yana murmushi, ni kuma ina jin kaina.

Kwana biyar bayan nan aka kira mu gyaran talabijin a unguwar Jiddari Polo. Da hantsi muka hau keke mai ƙafa uku. A wani shinge da samarin unguwa suka kafa aka sauke mu, kamar kullum: kowa ya taka da ƙafa, hannu a sama, ɗaya bayan ɗaya. Gana yana gabana da mutum huɗu, jakar rataye a kafaɗarsa.

Yana ɗaga hannu jakar ta bugi ƙugunsa, sai ta fara kuka. Tiii, siriri, ba tsayawa. Ni na san mita ce, igiyoyin ne suka haɗu. Amma wa ya sani ban da ni? Ga bakin jar igiya ya leƙo ta gefen zif. Wata mata ta ƙwala ihu wai bam ne, layin ya watse, wani ya ture ni na faɗa kwata.

Kafin in miƙe gora ta farko ta sauka a wuyansa. Ya faɗi, jakar ta yi gefe. Maimakon su gudu, sai suka yi kansa, wai kada ya kai hannu ya danna. Hannuwansa suka nufa. Wani ya taka masa damtse, wani yana sauke gora a kan yatsun kamar mai fasa itace. Na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Ina ihu da Hausa, ina yi da Kanuri, cewa mai gyara ne, ƙanena ne, ba wanda ya waiwayo. Wani ma ya taho da adda.

Ban san lokacin da na rarumi jakar ba. Na ja zif na zazzage ta a tsakiyar titi, mutane suka kwanta ƙasa suna salati. Sukuddireba suka gangara, mitar ta faɗo ta yi shiru. Wani dattijo mai shayi ya matso ya leƙa fuskar Gana cikin jinin, ya ce ai wannan ne ya gyara masa rediyo. Shi ke nan fa. Aka fara ba da haƙuri, mai addar ma har da taya mu tsayar da keke. Haƙuri! Na tsane su, har gobe ina jin abin a ƙirjina.

A asibiti aka cire yatsu uku na dama. Na hagu an ɗaure, likita ya ce za su warke amma ba za su ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Matarsa Kellu tana bakin ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa. Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya juyo gare ni.

"Ya Madu, kada ka sa wa ranka damuwa," ya ce. "Sakacina ne. Ni ban kashe mitar ba."

Alhali da safen ranar da abin ya faru, yana alwala, ni na ɗauke ta na gwada wani fis na rediyo, na mayar cikin jakar a kunne. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai sha ruwa.