Yabon Evaristo

Hortensia ce ta miƙo wa Evaristo tabar, domin hannun daman mijinta Nicanor ya daina aiki tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a gona. Nicanor yana zaune kan kujerar lilo a baranda, baki a karkace, ya kafe maƙwabcin nasa da ido.

"Ta bara ce," in ji ta. "Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda ya naɗa kafin ya faɗi. Ya ce kai za ka sha."

Tun suna samari suke wannan abu. Duk shekara idan ganyen taba ya gama tsumuwa, kowa ya naɗa kara guda da hannunsa ya ba ɗan'uwansa, wanda ya sha kuwa ya kushe ta tas. Nicanor ya sha cewa tabar Evaristo ko sauro ba za ta kora ba. Evaristo yakan ce ta Nicanor ganyen ayaba ce aka yi wa kwalliya. Daga nan su sha kofi, kowa ya koma gida yana jin daɗi.

Evaristo ya mirza ta a hankali tsakanin yatsunsa. Babu inda ta yi tauri, babu inda ta lotsa. Ganyen da aka rufe ta da shi sumul yake, mai ɗan maiƙo, ko jijiya ɗaya ba ta taso ba. Ya gutsure kan da haƙori, ya ƙyasta ashana yana juya ta har bakin ya kama daidai. Hayaƙin ya zo masa ba tare da kokawa ba, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, sai ɗan zaƙi, sai wani yaji da ke biyowa a maƙogwaro. Tokar fara fat, ta yi tsawon gaɓar yatsa ba ta faɗi ba.

"To, tsohon banza," in ji Nicanor da ƙyar, harshensa yana sarƙewa. "Faɗi."

Zagin yana bakin Evaristo, ya ma shirya shi tun daga gida. Sai idonsa ya faɗa kan hannun nan da ke kwance a cinya, tausayi ya kama shi.

"Nicanor, tun da nake ban taɓa shan irinta ba. Duk kwarin nan babu mai hannunka."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ya sani da ya haɗiye ta. Kujerar ta daina lilo. Hortensia ta ajiye tiren kofi ba ta dubi kowa ba.

"Ashe tawa ta ƙare," in ji Nicanor. "Hortensia, kai ni ciki."

"Kai, wasa nake yi, mutumina! Ƙarshenta ɗaci ne da shi kamar..."

"Ko rabi ba ka kai ba," in ji Nicanor.

Ta tallafe shi suka shige, ƙafarsa tana jan ƙasa. Evaristo ya zauna shi kaɗai a barandar, baƙin ciki ya cika masa ciki. Ya ci gaba da zuƙa a hankali, yana neman aibi ko guda ɗaya da zai shiga ya kai wa abokinsa. Ya sha ta har wuta ta taɓa masa yatsa, bai samu ba.