Allura a Juye

Ƙat! Zare ya sake tsinkewa a shagon maƙwabci, karo na bakwai tun safe. Tela ya dire rigar da yake ɗinkawa da hannu, ya ja dogon tsaki.

"A juye ya ɗaura allurar," ya ce da matarsa. "Daga jin ƙarar ka sani."

"To ina ruwanka, Malam? Kekenka ne?"

Ai fa nan ciwon yake. Shekara biyu ke nan da 'yan tawaye suka banka wa layin teloli wuta, keken ɗinkin da ya taka shekara talatin ya koma ƙarfen banza. Bana kuma gwamnati ta ce duk wanda ya fito daga daji ya ajiye bindiga za a ba shi sana'a. Shi ne fa aka kawo musu wani tubabbe unguwa, da shagonsa, da keke sabo dal a leda.

*

Sau huɗu Tela yana zuwa ofishin masu rabon, ko shi ma a ba shi keke. A zuwa na huɗu ya samu jami'in, yana kurɓar shayi.

"Baba, fom ɗinmu iri ɗaya ne, na waɗanda suka tuba. Me ka zo miƙawa?"

"Almakashi ne da ni, yallaɓai."

"Ka taɓa shiga daji?"

"Sau ɗaya. Ranar da suka koro mu."

"Babu gurbin wannan a fom."

Da ya dawo, matar ta ce, "Da ka ari bindiga ka kwana biyu a bayan gari, ai da an wuce wurin."

"Da wannan gwiwar tawa?"

*

Ƙat! Na takwas.

Haƙurin bawan Allah ya ƙare. Ya faɗa shagon ko sallama babu.

"Tashi."

Tubabben ya miƙe, kansa a ƙasa. Tela ya kwance allurar, ya juya ta, ya zura zare, ya ɗora ƙafa. Keken ya tafi sumul, ɗinki na zuba a jere kamar haƙoran jariri. Har ƙyallen ya ƙare bai so tsayawa ba.

"Na gode, Baba."

Tela ya dubi hannayen mutumin. Tambaya ta zo masa har baki, ko da shi ranar wutar. Ya haɗiye ta, ya fita.

Ya koma bencinsa, ya ɗauki allurar hannu. Ta bayan bango keken na ta gudu, babu tsinkewa. Matar ta leƙo, ta dube shi. A ƙarƙashin bencin, ƙafafunsa biyu suna ta taka ƙasa, gaba da baya.