Taken Shirahama

Jirgin ƙasa bai gama fita daga Okayama ba, Nagamine, shugaban masu busa, ya zauna kusa da Tokuzo ya ɗora hannu kan akwatin ƙahonsa.

"Baba, na san halinka. Yau ne wasan Shirahama na ƙarshe, amma rigar abokan hamayya ce a jikinsa. In ka busa masa take, ka ajiye mana rigarmu. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"To, Shugaba, ɗauke hannunka. Ƙahon ba ya son zufa."

Shekara talatin da ɗaya Tokuzo yana bin ƙungiyarsu ta besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, gari-gari, yana busa, magoya baya suna amshi. Kowane ɗan wasa da takensa, kuma ba a busawa sai naka ne riƙe da sanda. In na wasu ne, ka kame bakinka. Shi ya tsara taken ɗan wasansu Shirahama, ya tsinto sautinsa daga wani tsohon fim marar launi da ya kalla yana saurayi. Shekara goma sha shida ana rera shi. Da gwiwar mutumin ta fara ciwo, sai aka sallama shi ga wata ƙungiya kamar tsohon keke, aka binne taken. Abin ya tsaya wa Tokuzo a rai har yau.

A filin wasa, a zagayen ƙarshe, ana kunnen doki, Shirahama ya fito yana ɗan ɗingishi. Ɓangaren su Tokuzo ya yi tsit. Masu gida, magoya bayan sabuwar ƙungiyarsa, suka saki sabon taken da suka yi masa, wani abu kamar tallan sabulu.

"Da wannan za a sallami mutum?" in ji Tokuzo. "Haba!"

"Baba, ka rufa mana asiri," Nagamine ya ce ƙasa-ƙasa.

Ina! Tsoho ya riga ya miƙe. Ya busa tsohon taken shi kaɗai. Wata mata a bayansa ta ɗauka, sai layinsu, sai ɓangaren gaba ɗaya. Shirahama ya juyo, ya cire hula, ya sunkuya musu. Sannan ya gyara tsayuwa ya maka ƙwallon ta haye katanga.

Shi ke nan, da wannan bugun aka ci su Tokuzo.

A bakin ƙofa Tokuzo ya tuɓe rigar, ya ninke ta tsaf, ya miƙa da hannu biyu. "Ga kayanku." Nagamine ya karɓa.

A jirgin komawa Tokuzo ya zauna shi kaɗai, ƙahonsa a cinya, yana kallon gonakin shinkafa. Zuciyarsa ta yi nauyi, amma ko kusa bai yi da-na-sani ba. Can sai ya ji wani a kujerar baya yana rera taken a hankali, ta hanci. Ya san muryar. Bai ko waiwaya ba.

"Ja ƙarshen mana, Shugaba. Kullum sai ka datse shi."