Gadar Bawa da Takalmin Mushe Hamisu

Bawa ya dawo Matameye daga cin rani a Fatakwal da tulin igiyar jirgin ruwa. Ya gaji da ganin tsohuwarsa tana dogon zagaye kafin ta kai garkarta duk sanda korama ta kawo. Ya kafa ginshiƙai, ya ɗaure igiya, ya jera katako. Gada dai ta tsayu, sai ɗan lilo.

Sai ga saƙo daga ma'aikatar magajin gari: jami'insu Mushe Hamisu (Mushe, wato Malam a bakin 'yan boko) zai zo ya duba, in bai ba da izini ba a datse igiyar. Ranar Bawa ko fura bai iya sha ba.

Mushe Hamisu ya iso da tumbinsa da baƙin takalmi mai ƙyalli. Ya ja nan, ya ƙwanƙwasa can, fuska a murtuke.

"Da kaina zan hau," in ji shi. "In ta yi mini wasa, shi ke nan."

Yana kaiwa tsakiya sai ga Hajiya Baiwa daga wancan ƙetaren, da kwandon kuɓewa a ka, ƙawayenta biyu na biye. Uwar matarsa ce! Tun da ya auri 'yarta bai taɓa tsayawa gabanta da takalmi ba, ga gada faɗin mutum ɗaya. Ya tuɓe takalman, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya 'yan gidan? Ya aiki?"

Hajiya ba ta gajarta gaisuwa. Ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ƙawayen ma suka ɗora tasu. Gada na ta lilo. Takalmi ɗaya ya sulale, tsulum, ruwa ya tafi da shi. Mushe bai ko ɗaga kai ba. A tsugune ya yi ta ja da baya har ya taka ƙasa.

Ya miƙe yana haki. "Bawa, gadar da ta ɗauke ni da Inna da mutanenta, wa za ta kayar? Na yarda. Amma don Allah ka rataya ƙararrawa kowane gefe, mai hawa ya kaɗa, surukai su san da juna."

Da ƙafa ɗaya a takalmi ya sa hannu. Bawa ya ji daɗi har da ƙwalla.

Washegari tsohuwarsa ta zo da fartanya. Ba ta da surukin da za ta gudu, amma sai da ta kaɗa ƙararrawar nan da ƙarfi, sannan ta haye garkarta.