Reshen Baba Mika

"Riƙe min nan, Uwani. Kada ki bari ya fito daga ruwan."

Na durƙusa na riƙe reshen cikin bokiti, shi kuma yana gurzar gindinsa da zarto. Baba Mika ke nan, tsohon malamin makaranta mutumin Zariya. Katanga ce kawai tsakanin gidansa da gidan da nake aikin girki a Nassarawa.

"A cikin ruwa ake yanke shi," ya ce yana haki. "In iska ta shige shi, ya daina sha ke nan."

Bishiyar mai siraran ganye kamar tsintsiya, marigayiya matarsa Beatrice ce ta dasa ta a ƙofar gida. Duk ƙarshen shekara sukan sari reshe guda su kai falo, su rataya masa ƙyalƙyali da jajayen ƙyallaye don Kirsimeti. Bana masu haƙa kwalbati suka tuge ta gaba ɗaya. Wannan reshen kaɗai ya samu, shi ma a ƙasa ya jawo shi har ciki.

"Baba, Kirsimeti fa da saura. Anya zai kai?"

"Dole ya kai. 'Yata Scholastica na tafe daga Fatakwal. Tun tana rarrafe ba ta taɓa tarar da falon nan babu shi ba."

Ya kai shi lungun da rana ba ta leƙawa, ya saki labule. Safe da yamma yana fesa masa ruwa da wata tsohuwar robar feshin gashi. In an kawo wuta, nakan kawo masa ƙanƙara ya jefa a bokitin. Reshen ya tsaya shar, mai shi kuwa kullum ƙara ramewa yake. Kunun da na kai da safe nakan tarar ya yi fata. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya ƙi shiga.

"Baba, mu je asibiti mana."

"In na tafi wa zai ba shi ruwa?"

"Ni mana."

"Ba ki san lokacin da yake so ba, 'yata. Ita ke faɗa min."

"Wa?"

Kujerar Beatrice da ke kusa da tasa ya duba, wadda ba kowa a kai, ya ɗan gyaɗa mata kai kamar mai cewa a yi haƙuri da ni. Ina fita na kira 'yar tasa a waya, na ce kada ta jira Kirsimeti.

Daga nan ko buta bai iya ɗagawa, ni nake zuba wa bokitin ruwa. Ranar da za ta iso na yi sallama da hantsi, shiru. Na tura ƙofa. Yana zaune a kujerarsa, lulluɓe da zanen matarsa, kansa ya karkata wajen ɗaya kujerar. Na taɓa hannunsa na ji sanyi ƙalau.

Sai da na gama salati na lura da bokitin. Cike yake taf, alhali jiya a rabi na bar shi. Ruwa ya ɗiɗɗiga tun daga kicin har lungun, ganyen ma na ɗiga. Na tambayi Bala mai gadi, ya rantse ba wanda ya shiga. Wataƙila ƙarfin ƙarshe ne ya zo wa tsohon. Allah ne masani.

Da la'asar Scholastica ta iso, 'yan cocinsu sun cika falon. Ba ta yi kuka ba sai da ta shafa ganyen ta ji laima.

"Anti, wa ya ba shi ruwa?"

"Babanki," na ce, don ban san me zan ce ba.

Washegari suka tafi da shi Zariya, a kwantar da shi kusa da matarsa. Ta ƙi barin reshen. Ta zauna a bayan mota, bokitin tsakanin ƙafafunta, kan reshen ya leƙo ta taga. Ina tsaye a bakin titi suka sha kwana, wani ɗan jan ƙyalle ya kwance daga jikin reshen, ya sauka a hankali cikin sabuwar kwalbatin.