Furen Teku a Ɗakin Ɗan Fari

Ranar da labarin ya iske Bilkisu, tana zaune ne gaban tanda a tsakar gidanta na Gyadi-Gyadi, tana juya waina, masu saye sun jera kwanukansu. Sai ga Lawan ya faɗo gidan ba sallama. Lawan abokin ɗanta ne tun suna firamare, kuma bai taɓa wuce zaure ba sai an amsa masa. Da ta ga ya durƙusa nesa da ita ya kasa ɗaga kai, sai ta ajiye cokalin.

"Inna, sai haƙuri," in ji shi. "Nura ne. Ya faɗo daga saman wani bene a Hotoro suna ɗaura sola. Kafin a kai asibiti Allah ya karɓi abinsa."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta sake faɗa. Wainar da ke cikin tanda ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula sai da hayaƙi ya tashi.

Nura shi ne ɗanta na fari, kuma a garin da Bilkisu ta tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Yaron nan" take ce masa, ko "yayan Nafisa". Ba ta zama su yi hira, ba ta yabonsa a gaban mutane. In ya kawo cefane sai ta kawar da kai ta ce a ajiye can. Shi ma ya san kunya ce, ba ƙi ba, don haka yake tsokanarta. Yana da wani tankin gilashi a ɗakinsa wanda ya yi shekaru yana haɗawa, na ruwan gishiri, da duwatsu da kifaye 'yan ƙanana. In ta zo wucewa sai ya ɗaga labule ya ce, "Inna, ki zo ki ga teku a kyauta." Ita kuma ta ce, "Ni da ko dam ɗin Tiga ban taɓa zuwa ba? Kifin da ba a ci, me zan kalla a jikinsa?" Ta wuce tana ɓoye murmushi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ba.

An kai shi makwancinsa bayan azahar. Da la'asar, gida cike da mata masu ta'aziyya, wayarsa ta yi ƙara a hannun ƙanwarsa Nafisa. Wani direba ne daga tashar Unguwa Uku. Ya ce an ba shi saƙo daga Abuja, an ce abu mai rai ne, a zo a karɓa kafin ya mutu masa a mota. Nafisa ta fashe da kuka ta miƙa wa Lawan wayar.

Lawan ya je ya dawo da kwalin farin soso, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Bilkisu.

"Inna, abin da ya daɗe yana jira ne ya iso. Anemoni ake ce mata. Kamar fure take, amma dabba ce, tana da baki, tana cin abinci. Ni a shagona na Tarauni kifin ruwan daɗi kawai nake sayarwa, ba ni da inda zan saka ta. In ba a tankinsa ta kwana yau ba, mutuwa za ta yi."

Wata maƙwabciya ta leƙa kwalin ta ce, "Ikon Allah! Wannan ana miya da shi?" Wasu suka yi 'yar dariya cikin hawaye. Bilkisu ba ta yi ba. Ta miƙe ta ce, "Mu je."

Haka ta shiga ɗakin yaron nan karo na farko. Wata fitila shuɗiya tana haska ruwan, wani ɗan inji yana kaɗa shi a hankali, kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari suna ta kai da kawowa. Lawan ya ciro ledar da anemonin take ciki daga kwalin, ya ɗora ta a saman ruwan ya bar ta ta daɗe, sannan ya riƙa ɗiga mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan don kada sauyin ya zo mata a lokaci guda. Da ya sake ta a kan dutse, dunƙulalliya ce kamar ƙwallon goruba. Wani ɗigon ruwa ya fantsamo wa Bilkisu a leɓe, ta ji gishirinsa.

Lawan ya ɗaura wa bakin injin raga don kada ya zuƙe ta. Ya ce kada a taɓa ta da hannu, da kanta za ta yi ta matsawa har ta sami wurin da ya yi mata. Ya nuna wa Nafisa yadda ake miƙa mata 'yar tsokar kifi da tsinke, ya nuna mata jarkoki biyu da ke bayan ƙofa, yana ta bayani. Bilkisu tana tsaye, amma idonta yana kan rigar aikin yaron nan da ke rataye a ƙusa. Abu ɗaya kawai ya shiga kunnenta: akwai jan layi da yaron nan ya zana a jikin gilashin, kada ruwa ya sauka ƙasa da shi.

Washegari da safe ta leƙa, ta tarar abin ya buɗe. Ya kai faɗin faifai, da 'yan yatsu masu yawa, kore-kore, bakinsu ja, suna rausaya. Ta daɗe a tsaye. A ranta ta ce ashe abin da yake kiranta ta gani ke nan. Sunan da Lawan ya faɗa ya ƙi zama a bakinta, sai ta sa mata Fure.

Mutane suna ta yaba haƙurinta a zaman makoki, suna cewa ko hawaye ba ta yi ba. Ba su san tana shiga ɗakin ta ja labule ba. A wajen mutane ba ta da ikon nuna komai a kan ɗan fari, amma ba wanda ya taɓa cewa uwa ta ji kunyar furen teku. Ta ƙudurta a ranta cewa wannan abu, da shi ne na ƙarshe da ya nema a duniya, ba zai mutu a gidanta ba.

Bayan sadakar bakwai Nafisa ta koma gidan mijinta a Wudil. Tana ɗaura mayafi ta ce, "Inna, ruwa dai ya riƙa kaiwa layin nan, ga jarkoki nan." Bilkisu ta ce to.

Lokacin bazara ne, zafi kamar ana hura wuta. Akwai 'yar fanka da yaron nan ya saita tana busa saman ruwan don ya yi sanyi, kullum sai ruwan ya sauka ƙasa da layi. Bilkisu ta buɗe jarkokin ta ɗanɗana. Ɗaya ruwan daɗi, ɗaya mai gishiri. Ba ta ko yi dogon tunani ba. Abin teku ai ruwan teku zai sha, na daɗin kuwa wataƙila na wanke hannu ne. Kullum sai ta cika tankin zuwa layi da mai gishirin, tana bismillah.

Lawan yana kiranta a waya. Kunyar yawan shiga gidan yake ji, don shi ya kawo labarin.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri? Ya baƙuwar tamu?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

Haka take amsawa kullum. Ko ranar da ta ga Fure ta rage buɗewa, haka ta amsa. Ko ranar da yatsunta suka sirance, kifayen suka maƙale a bayan dutse, haka ta amsa. Gaisuwa ce aka yi mata, kuma tun da take ba ta taɓa amsa gaisuwa da wani abu ba lafiya ba. Ga shi yaron yana fama da nasa rashin, ga shagonsa. Sai ta ƙara yawan ruwan da take zubawa, tana ganin ko ƙishi ne.

Wata safiya, bayan ta koma sana'arta, ta ɗora tukunyar miyar taushe ta shiga ɗakin. Fure ta saki dutsen. Tana kwance a kan yashi, ta yamutse kamar tumatirin da ya wuni a rana, bakinta a hangame. Bilkisu ta matsa bakin tankin. Ba ta san abin da ya sa ba, sai ta tsoma yatsa ta kai bakinta, yadda take yi wa miya. Gishirin ya gartsa mata harshe. Ba haka ta ji shi ba ranar da ya fantsamo mata a leɓe.

Daga tsakar gida ta ji murfin tukunya yana ƙara. Miyar nan takan wuni a kan wuta, tana ƙonewa tana kauri, kuma tun tana yarinya ta san ruwa ne yake tafiya, gishiri yana nan. Ruwa ake ƙarawa. Ba mai hankalin da zai ƙara gishiri. Ta zauna daɓas a bakin katifar.

Ta jawo jarkar ruwan daɗi, ta cire murfi, ta ɗaga za ta juye gaba ɗaya. Sai ta tuna yadda Lawan ya riƙa ɗiga ruwa a leda kamar mai ba jariri magani. Ta sauke jarkar. Ta ɗauki waya ta danna inda Nafisa ta saka mata hotonsa.

"Inna, ina kwana? Ya..."

"Lawan, ba lafiya ba," ta katse shi. "Na yi ta zuba mata ruwan gishiri. Ta faɗo ƙasa. Abin Nura ne, zai mutu a hannuna."

Shekara da shekaru Lawan yana shiga gidan nan, bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ita ma sai da sunan ya fita ta ji shi, kuma ba ta mayar da shi ba.

"Kada ki juye komai, Inna," ya ce. "Kofi ɗaya na ruwan daɗi kawai. Ga ni nan."

Ya rufe shagonsa ya hau adaidaita sahu. Da ya iso ya lalubo wani ɗan ma'auni a cikin kayan Nura, ya ɗiga ruwa ya duba, ya kama baki. Sannan ya sunkuya ya shinshina saman tankin.

"Ba ta mutu ba. In ta mutu, warin ba zai bar mu mu tsaya a ɗakin nan ba. Amma in muka sauke gishirin a lokaci guda, shi zai ƙarasa ta. Sai a hankali." Ya share fuska da hularsa. "Inna, ni ma da laifina. Ina ta tambaya a waya kamar mai gaida sarauniya, ban zo na gani da idona ba."

"To ni me zan ce maka? Ka ce ya baƙuwa, in ce tana mutuwa?"

"E mana! Daga yau in na ce ya Fure, ba gaisuwa nake ba, bincike nake."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar, sai dariyar ta juye kuka. Lawan ya juya baya yana gyara waya a jikin batirin tankin har ta gama.

Kwana da kwanaki yana rufe shago da rana tsaka, ya zo ya ɗebi kaɗan daga tankin ya mayar da ruwan daɗi, ya auna. Ya sa aka riƙa kawo mata tataccen ruwa daga inda ake yin ruwan leda. Ya daskarar da ruwa a robobi, ya ce in zafi ya yi yawa ta jefa ɗaya a saman tankin. Ta rasa abin da za ta yi masa, sai ta riƙa cika masa kwano da waina. Ya ce, "Inna, in kika ci gaba haka, addu'a zan yi kada ta warke da wuri." Ta ce, "Ci ka tashi, ɗan nema."

Fure ta fara da maƙale ƙafarta a wani tsagi na dutse, ba inda aka fara ajiye ta ba, can gefen da ke kallon ƙofa. Bakinta ya rufe. Launinta ya daɗe bai dawo ba. Ranar da ta kama 'yar tsokar kifi daga tsinke ta naɗe ta zuwa baki, Bilkisu ta kira Nafisa ta gaya mata, ta kira Lawan, ta fita ta ba masu sayen waina gyara ba su san dalili ba. Bayan wani lokaci kifayen nan biyu suka fito daga ɓuya, suka shige tsakanin yatsunta suna birgima. Lawan ya ce dama don kifayen ne Nura ya sayo ta, ya ce sun daɗe ba su da gida.

Har yanzu rashin yana nan, bai ragu ba. Amma in ta idar da salla tana sa Lawan a addu'a, da direban da bai jefar da kwalin ba, da yaron nan da ya bar mata aiki a ɗakinsa. Ta ɗaura wa jarkar gishiri jan ƙyalle a wuya, ba ta taɓa ta sai Lawan ya zo canjin ruwa. Ya hana ta lasar ruwan tankin, ya koya mata duba ma'auni, kuma tana dubawa.

Kullum da safe, kafin ta hura wutar tanda, takan ɗaga labulen ta shiga da sallama. Ta cika kofin silba da ruwan daɗi, ta tsiyaya a gefen gilashi a hankali, ta sunkuya tana kallo har ruwan ya taɓa jan layin da Nura ya zana.